Malamin Lemo a Tukunyar Kaka

Jiya maƙwabciyata ta aiko mini da lemun tsami a leda, har da wani guntun reshe da ba a tsinke ganyensa ba. Ina buɗe ledar ƙamshin ganyen ya buge ni, irin wanda yake fitowa idan ka murza shi tsakanin yatsu biyu. In ba ka taɓa yi ba, ka gwada wata rana, za ka gane abin da nake nufi. Ni dai sai na sami kaina zaune a bakin ƙofar kicin da ganye a hannu, shinkafa tana kan wuta, hankalina kuwa ya koma gidanmu na da a nan Wudil, lokacin ina 'yar shekara tara, ba ni da aiki sai rashin ji da tambaya.

A tsakar gidan nan akwai bishiyar lemun tsami guda ɗaya, kusa da inda ake ajiye randunan ruwa. Kakanmu namiji ne ya shuka ta shekara biyu kafin ya rasu, tun ba a haife ni ba, saboda haka ban san shi ba, bishiyarsa na sani. Kaka kuwa, wato mahaifiyar su babana, ba ta taɓa cewa tana son bishiyar ba. Ba irin mutanen da suke faɗin abin da suke so ba ce. Amma sau biyar a rana a gindinta take alwala, don kada ruwan ya tafi a banza, kuma duk wanda ya tsinki lemo ɗanye zai ji a kunnensa har washegari. Da lemon nan ake dama kunu, da shi ake kwaɓa lalle, da shi ake maganin mura, da ɓawonsa ake goge kwanon sha.

Kaka gajeriya ce, mai saurin tafiya, mai kaifin harshe. Babban ɗanta shi ne Baffa, yayan babana, kuma shi ne mai gidan tun rasuwar Kakanmu, don babana direba ne, sai ya yi sati biyu ba mu gan shi ba. To, Baffa ɗan fari ne, kuma Kaka mutuniyar da ce, tana yi masa kunya irin ta ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ko suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, sai ta waiwayo ta nemi yaron da ya fi kusa ta ce, “Ke, gaya wa wancan tuwonsa yana hucewa.” Shi kuma yana ji, amma sai ya jira an maimaita masa sannan ya amsa. Ni ce na fi maƙale mata, don haka ni ce bakinta. Yaran yanzu in na ba su wannan labari dariya suke yi. Mu a lokacin ba mu ga abin dariya ba, haka muka taso muka tarar.

Da damina tsakar gidanmu cika take da malam-buɗe-littafi. Mu yara duk suna ɗaya muke kiran su, mu bi su da gudu muna tsalle. Kaka ce kaɗai na sani da take rarrabe su. Ta ce ƙananan rawaya na bakin kwata daban. Mai ruwan goro da baƙin gefe, wanda yake tafiya a hankali kamar ba ya tsoron kowa, wannan na tumfafiya ne, tsuntsu ba ya cin sa. Sai babban cikinsu, wanda ta raɗa wa suna malamin lemo. Faɗinsa ya kusa tafin hannuna na lokacin. Baƙi ne mai ɗigo-ɗigon rawaya, da wata ratsa mai haske da ta keta fukafukansa, a na baya kuma akwai abu kamar idanu, da shuɗi da ja a jikinsu. In ya sauka kan fure ba ya natsuwa, yana sha yana kaɗa fukafukai. In an aike ni bakin kogi nakan gan su sun taru a kan laka inda shanu suka sha ruwa suka wuce. Iyakar abin da na sani ke nan game da shi. Daga ina yake fitowa, ban taɓa tambaya ba, Kaka kuwa ba ta ba da amsar tambayar da ba a yi mata ba.

Kafin in ci gaba sai na gaya maka wani abu game da Baffa, don kada ka ɗauke shi mugu. Shekara biyu kafin daminar da zan ba ka labarinta, babban ɗansa, wanda muke kira Yaya, ya bi shi gona a Lajawa. Yana ɗaga damin kara kububuwa ta sare shi a hannu. Kafin a sami motar da za ta kawo shi gari, jikinsa ya riga ya saki. Kwana biyu ya yi ya rasu. Tun daga nan Baffa ya zama wani mutum. Ba a barin tarkace a gidan, ba a barin ciyawa, ba a jingine kara a bango. Matarsa, wadda muke kira Inna, ko igiya ta gani a ƙasa sai ta yi salati.

A ƙarshen daminar nan, ana shirin yankan gero, sai aka ga maciji a gindin randa, taku biyu daga bishiyar. Samarin unguwa suka shigo da sanduna suka kashe shi. Gidan bai gama dawowa hayyacinsa ba, bayan kwana biyu na je tsinko wa Kaka lemo. Na ɗaga wani reshe, sai na yi ido biyu da wani abu kore, kaurinsa kamar ɗan yatsana, kwance a kan ganye. Kansa ya kumbura, da wasu idanu a gefe suna kallona. Na zungure shi da tsinke. Sai ya ɗago gaba, ya fito da wani abu mai reshe biyu, ja-ja kamar ruwan goro, daga saman kansa, wani wari mai hawa kai ya biyo baya.

Ihun da na yi har maƙwabta sun ji. “Maciji! Ɗan maciji a bishiya!”

Ni na faɗi kalmar nan. Ba wanda ya sa ni. Shekara hamsin da wani abu ke nan, har yau in na tuna sai in ji haushin kaina.

Inna ta zo ta leƙa daga nesa, ta ga harshe mai reshe biyu, ta dafe ƙirji. Aka duba sauran rassan aka ga wasu uku. Nan take magana ta haɗu: macijin da aka kashe mace ce, ta hau bishiya ta zuba 'ya'ya. Baffa ya shigo daga zaure, ya tsaya ya kalli abin na ɗan lokaci, bai ɗaga murya ba. Ya ce gobe da safe za a sare bishiyar, a tone saiwarta, a ƙone rassan a bayan gida.

Kaka tana zaune a kan tabarma tana tsince wake. Ta ajiye faifan, ta taso, ta ratsa mutane, ta sa hannu ta ɗauko abin nan ta ɗora a tafinta. Mata suka watse. Ta juyo ta kalle ni.

“Ke mai ihu. Gaya wa wancan wannan ba maciji ba ne. Tsutsa ce. Ɗan malamin lemo ne.”

Na maimaita. Baffa ya ce in gaya wa Iya, haka yake kiran ta, cewa shi bai taɓa ganin tsutsa mai harshen maciji ba, kuma bai taɓa ganin abin da yake ja da ciki ya wayi gari yana tashi sama ba. Ya ce ɗa ɗaya ya binne, ba zai binne na biyu saboda lemun kunu ba.

Ka san ɗa ba ya sare bishiyar uwarsa in ta ce a'a. Da Kaka ta ce ba za a taɓa ba ta yi shiru, da magana ta ƙare, ko da Baffa zai kwana yana huci. Amma Kaka ba ta son a bar mata abu don girma. So take a yarda ta yi gaskiya. Wannan halin nata ne ya jawo komai, kuma ni ma na gado shi, mijina shaida ne.

“Gaya masa ya ba ni Juma'a uku,” in ji ta. “Zan sa wannan a tukunya. In Juma'a ta uku ta wuce bai fito da fukafukai ba, ni da kaina zan miƙa masa gatari.”

A Wudil da Juma'a ake ƙirga komai, don ranar ce kasuwa take ci. Baffa ya yarda. Ya ce amma sauran ukun a kashe su, kuma ba yaron da zai ƙara zuwa gindin bishiyar. Aka kashe su. Hanin kuwa ban bi shi ba ko na yini ɗaya.

Kaka ta ɗauko wata tsohuwar tukunyar ƙasa, ta sa reshen lemo mai ganye a ciki, ta jingina guntun kara, ta saki tsutsar, ta kife rariya a bakin tukunyar don iska ta shiga. Da yamma na rarrafo kusa da ita na ce ta yafe mini. Ba ta lallashe ni ba. Cewa ta yi, “Ihu kam kin iya. Saura ki koyi kallo.”

A kwanakin nan ne na koya. Da hantsi, in Baffa ya tafi gona, sai ta ja ni gindin bishiyar. Ta nuna mini yadda macen malamin lemo take zuwa ta yi ta kewaya, ta sauka kan sabon tofo, ta taɓa ganyen da ƙafafunta kamar mai duba ƙyalle a kasuwa, sannan ta lanƙwasa ciki ta ajiye ƙwai guda ɗaya tak ta ƙara gaba. Ƙwan bai kai ƙwayar gero ba. Ta nuna mini wani abu baƙi-baƙi da ratsin fari a kan ganye, ta ce mene ne wannan. Na ce kashin tsuntsu. Ta ce in tsaya in gani. Na tsaya har ƙafata ta yi tsami, sai ga kashin tsuntsu ya motsa, ya matsa bakin ganye ya fara ci. Duk shekarun nan ina ganin su ina kauce musu don kada su ɓata mini hannu. Kaka ta ce haka tsuntsaye ma suke kauce musu, don ba tsuntsun da zai ci kashin ɗan'uwansa. In tsutsar ta girma ta fi ƙarfin wannan dabara, sai ta tuɓe fatar ta koma koriya ta ɓata a cikin ganye. Idanun da suka tsorata ni zane ne kawai. Harshen kuma ba harshe ba ne, ba ya sara, wari kawai yake fitarwa don a ƙyale ta.

Na ruga na gaya wa Inna, ina murna na kawo hujja. Da ta ji maganar tuɓe fata sai ta ce, “Kin ji ko? Har saɓa yake yi. Wane ne yake saɓa in ba maciji ba?” Na dawo ina kukan takaici. Ranar na fara sanin cewa wanda tsoro ya kama, duk abin da ka kawo masa ƙara masa tsoron yake yi.

Tsutsar tukunya ta ci ganye kwana huɗu, ci na gaske, in ka kasa kunne har kana jin ƙarar bakinta. Rana ta biyar ta daina. Ta hau karan nan, ta manna gindinta, ta zagaya ƙugunta da wani siririn zare ta jingina baya. Washegari babu tsutsa. Sai wani kwanso mai launin busasshen kara, da 'yan ƙahonni biyu a sama, in ba ka san yana nan ba sai ka ce gaɓar karan ce. Kaka ta ce shi ke nan, sati biyu, in ya daɗe sati biyu da 'yan kwanaki. Ta ce ta gani ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Juma'a ta farko ta wuce. Ta biyu ta wuce. Aka yanke gero, aka fara kawo dawa, ruwa ya ɗauke gaba ɗaya. Kullum da asuba kafin in wanke ido sai na ɗaga rariya, kullum kwanson yana nan yadda na bar shi. Ranar Juma'a ta uku ban je ko ƙofar gida kallon masu wucewa kasuwa ba. Na zauna gaban tukunya tun safe har aka sakko daga masallaci, har la'asar, har aka kira magariba. Na roƙe shi. Na zage shi. Na yi masa alkawarin ganyen da ya fi kowanne laushi. Ko motsi bai yi ba.

Asabar da safe Baffa bai ce komai ba. Ina ganin da Kaka ta yi shiru, shi ma zai yi shiru, a bar maganar ta mutu. Amma ita ce ta shiga ɗakin ajiya ta fito da gatari, ta miƙa mini, nauyinsa ya kusa kayar da ni.

“Kai masa. Ki ce masa ba don ya yi gaskiya zai sare ta ba. Don na yi alkawari ne.”

Na kai, na faɗa, ban rage ko kalma ɗaya ba, har na ƙara da harara tawa ta kaina. Ya karɓa bai kalle ni ba. Bishiyar tana ɗauke da 'ya'ya a lokacin. Kowane sara sai lemo ya zubo ya gangara tsakar gida, ƙamshin ganye ya cika ko'ina har yana sa hawaye. Kaka ba ta shiga ɗaki ba. Ta zauna a kan turmi tana kallo daga farko har aka tone saiwar aka cike ramin. Da azahar ta yi, ta ɗauki butarta ta nufi wurin kamar kullum, ta yi taku uku, ta tsaya, sannan ta juya ta yi alwalarta a bakin kwata. Wannan ya fi saran gatarin yi mini ciwo.

Inna ta ce to yanzu sai a fasa tukunyar a ƙone abin da ke ciki. Kaka ta ce bishiya ta yi alkawari a kanta, ba tukunya ba. Ta ɗauke ta ta kai ƙarƙashin gadonta.

Daga nan aka shiga rani, aka kuma shiga tsokana. Matan maƙwabta in sun shigo gaisuwa, bayan an gama ina kwana da ina gajiya da yaya iyali, sai wata ta ce, “Iya, yaya mai fukafukai? Ya tashi kuwa?” Kaka ta ce, “Yana gaishe ki.” Yaran unguwa suka sa mini suna 'yar tukunya. Na yi dambe da uku a kan wannan, na ci biyu, ɗaya ta fasa mini leɓe. Kunu kuwa sai da tsamiya, ko a sayo lemo a kasuwa. Kaka ba ta ƙara shan kunun da aka sa wa lemon saye ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ni ma na yi shakka. Wata rana da zafi ya tsananta, wata na huɗu ko na biyar, na jawo tukunyar na ce bari in fasa kwanson in ga ko akwai wani abu a ciki. Kaka ta shigo ta doke mini hannu. Sannan ta durƙusa, ta shafi gefen kwanson da bakin tsintsiya a hankali. Sai ƙasansa ya ɗan karkaɗa, sau ɗaya, sau biyu, ya tsaya. Ta ce matacce ba ya wannan. Na ce to me yake jira? Ta ce ba ta sani ba. Ban taɓa jin Kaka ta ce ba ta san abu ba sai ranar.

Ruwan farko ya sauka a ƙarshen bazara, da yamma, mai ƙarfi, har ya cika kwata. Ƙasa ta yi ƙamshi, aka fara maganar iri da shuka. Kwana uku bayan nan, da sassafe, ina shara a ɗakin Kaka sai na ji wani ɗan ƙaraf-ƙaraf daga ƙarƙashin gado. Na jawo tukunyar na ɗaga rariya. Kwanson ya tsage ta baya. A jikin karan wani abu yana rataye, jiƙe, fukafukansa a cukurkuɗe kamar tsumman da aka matse. Wannan karon ban yi ihu ba. Na je na kamo hannun Kaka.

Ta kalla. Ta ɗauki tukunyar da hannu biyu ta fito tsakar gida, ta ajiye ta daidai inda bishiyar take a da. Na matso kusa ina jiran saƙon da za ta ba ni. Ba ta waiwaye ni ba. Baffa yana bakin zaure yana gyara ƙotar fartanya. Kaka ta ɗaga murya.

“Kai. Zo nan.”

Inna tana daka, taɓaryar ta tsaya a sama. Baffa ya waiga bayansa, yana neman wanda ake kira. Mutum mai furfura a gemu, tun da ya yi wayo uwarsa ba ta taɓa yi masa magana ido da ido ba. Ya taso a hankali, ya cire takalmi, ya tsuguna a gabanta.

“Duba da kyau,” in ji ta. “Kada ka tashi sai ka gama gani.”

Bai tashi ba. Muka zagaye tukunyar, har Inna, daga ɗan nesa. Fukafukan suka riƙa miƙewa a gaban idonmu, baƙin yana ƙara baƙi, ɗigon rawaya yana fitowa ɗaya bayan ɗaya, har idanun nan masu shuɗi da ja suka bayyana. Ya daɗe yana buɗewa yana rufewa. Rana ta ɗago. Sai ya hau bakin tukunyar, ya tashi. Ya zaga tsakar gidan sau ɗaya, ya bi ta kan randuna, ya dawo ta kanmu. Babu wani abu a gidan da zai tsaya dominsa. Ya haura katanga ya tafi.

Baffa yana tsugune har yanzu. Ya ce, “Iya, ki yafe mini. Na yi kuskure.”

Kaka ta ce, “Kai tsoro ka ji, kuma kana da dalilinka. Ni ce na yanke wa abin Allah rana kamar ni na halicce shi. Amma abin da na ce shi ne, shi ɗin ne. Wannan kam ba zan janye ba.”

Ya ce ranar Juma'a zai sayo dashe. Ta ce ya sayo, ya dasa, ya ba shi ruwan alwalarsa, ita nata ya ƙare a waccan bishiyar. Kafin azahar ta riga ta koma halinta. Ta kira ni ta ce in gaya wa wancan ya bar takalminsa a tsakar gida.

Ya sayo dashen, ya dasa, ya kula da shi fiye da yadda yake kula da gonarsa. Da tsutsotsi suka zo suka huhhuje ganyen, bai bari an taɓa su ba. Kaka ta rasu shekara uku bayan nan. Dashen bai fara 'ya'ya ba sai shekarar da ta biyo.

Da daɗewa bayan haka, 'yata da ta yi karatun aikin gona ta nuna mini hoton malamin lemo a waya. Na gane shi tun kafin ta buɗe baki. Ta ce danginsa an san su da wata 'yar jela a fukafukan baya, irin ta tsattsewa, amma namu na nan ba shi da ita, kuma da wannan ake bambanta shi da wasu 'yan'uwansa. Ta ce in tsutsar ta shiga kwanso da damina, sati biyu ko uku ya isa. In kuwa ta shiga ruwa yana ɗaukewa, takan yi zamanta har rani ya wuce, sai ta ji danshi. Ashe abin yana rubuce a littattafai. Kaka duk waɗanda ta gani na tsakiyar damina ne, ba ta taɓa tsare na ƙarshenta ba. Na ce wa 'yata ta ajiye wayar, na shiga ɗaki na yi kukana.

Yanzu gidan nan namu an raba shi, an malale tsakar gidan da siminti, ba inda ruwan alwala zai shiga ƙasa. A lambunan bakin kogi kowa da famfon feshi a bayansa, abin da ya motsa a kan ganye sai a fesa, ba a tambayar ko mene ne. Ba na zargin manomi, da ganyen nan yake ciyar da iyali. Amma jikokina sun fi sanin malam-buɗe-littafi a littafin makaranta fiye da a tsakar gida, kuma wannan yana ba ni haushi, ba zan ɓoye ba.

Ina da tawa bishiyar a bayan ɗaki. Ƙarama ce, ba ta fara 'ya'ya ba, kuma rabin ganyenta a huje yake. Bana ɗana ya zo da famfonsa, ya ce, “Umma, tsutsa za ta kashe miki ita. Ki bari in fesa, minti biyar ne.” Na ce ba za ta kashe ta ba, za ta ci rabonta ta tafi, sabon tofo ya fito. Ya ce to in ba ta farfaɗo ba fa? In ba shi lokaci, zuwa yaushe zai dawo ya duba?

Na kalle shi. Yaron kirki ne, taimakona yake so ya yi. Na ce masa ya ɗauke famfonsa daga gindin bishiyata, ya zo ya ci abinci. Rana kuwa ban sa masa ba, kuma ba zan sa ba.